Ummi Ta Dawo Gida

Zuwa ga Maigida, Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gaisuwar da na saba yi maka, tare da roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ai sai dai in karanta maka, kana gyara zama kana cewa in maimaita wurin da ya wuce ka. Amma shekara ashirin da huɗu na yi duk abin da ya same ni kai nake fara gaya wa, kuma har yau ban iya fara gaya wa wani ba. Shi ya sa na ari biro na zauna a bakin ƙofa.

Ummi ta dawo gida. Wannan shi ne labarin, sauran duk bayani ne. Yau kwananta tara a ɗakin nan. Yanzu haka tana tsakar gida tana wanke-wanke, ina jin ƙarar kwanuka. Wata bakwai na yi ban ji wannan ƙara daga hannun kowa ba sai nawa.

Za ka ce daga ina ta dawo? Bari in faro maka daga inda ka bar mu.

Bayan 'yan bindiga sun yi muku kwanton ɓauna a hanyar gona, kai da sauran 'yan sa-kai, garinmu bai ƙara wata biyu ba ya watse. Wasu suka shige cikin Wushishi, wasu suka yi Beji wurin dangi. Ni da Ummi muka zo Minna. Na kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Maitumbi, na samu gefen rumfa a Kasuwar Kure ina awon masara da dawa. Ummi ta ƙarasa karatun malanta da ka dage sai ta yi, ta samu koyarwa a wata 'yar makarantar firamare. Da ka ga ranar da ta fara fita aiki, da jakarta da jan biro, da ka yi wannan dariyar taka da ba ta fitowa sai ta hanci.

A gidan hayar muka haɗu da Maman Bulus. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna, tela, ta girme ni da kamar shekara goma. Ɗakinta na kallon namu. Ita ta ba mu tabarma da murhu ranar da muka sauka ba mu da komai sai ƙunshin kaya. Ɗanta Bulus soja ne, yana can daji ana fafatawa da mutanen da suka kashe ka. Duk ranar da wayarsa ta ƙi shiga, sai ta kasa zura zare a allura, ta zo ta zauna kusa da ni. Ni kuma in matsa mata a tabarma. Haka muka zama ƙawaye.

Sai rayuwa ta yi tsanani. Yaƙin ya ƙi ƙarewa, manoma ba sa zuwa gona, motocin hatsi suka ragu. Ni da nake riƙe da mudu na fi kowa gani. Matar da ta saba auna mudu uku ta koma ɗaya, daga ɗaya ta koma rabi. Akwai ranar da wata dattijuwa mai tsabta, da ganinta ka san ta fito daga gidan mutunci, ta tsaya har kasuwa ta fara tashi, sannan ta roƙe ni in bar ta ta share ƙasan rumfa ta tsince abin da ya zube. Ta ce in rufa mata asiri kada in ɗaga murya.

A cikin wannan hali matan unguwa suka yanke shawarar fita titi. Ba ƙungiya ba ce, Maigida, ba su da shugaba ba su da ofis. A bakin famfo aka yi maganar, aka ƙarasa ta a wurin niƙa. Aka ce kowacce ta ɗauko tukunyarta wayam. Maman Bulus ta haɗa ƙyallayen da suka rage mata ta ɗinka wani dogon farin yadi, Ummi kuma ta rubuta a kai da shuɗin fenti cewa muna jin yunwa, a mayar da mu gonakinmu. Iyakar abin da ke jiki ke nan. Da idona na gani yana shanye a igiya.

Ni ban je ba. Na hana Ummi, ta durƙusa ta ce in yi haƙuri, ta ce in ba ta faɗi yadda aka kashe ubanta ba, wa zai faɗa? Na ce mata ubanta ma haka ya ce, yanzu yana ina? Na ɗauki muduna na tafi kasuwa na bar ta a durƙushe.

Sun tare babban titi tun hantsi. Ana cewa mata sun cika shi har ido ba ya kaiwa ƙarshe, Musulmi da Kirista, masu goyo da masu sanda. Wani ya ɗauki Ummi a waya tana magana. Na gani daga baya. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce ita 'yar manomi ce, an ce wa ubanta ya tashi ya taimaka a kare gari, ya tashi, an kashe shi, ba wanda ya zo ko gaisuwa. Ta faɗa da Hausa ta maimaita da Turanci. Tsayuwarta irin taka ce, da ɗan karkata kai gefe. Kafin azahar aka watsa su da barkonon tsohuwa. Ta dawo idanu jawur, takalmi ɗaya a ƙafa, tana tari tana dariya.

Kwana biyu maganarta ta zagaya ko'ina. Wasu garuruwan ma aka fara fita. Daga nan sai muryar rediyo ta sauya. Aka ce akwai waɗanda ke neman amfani da yaƙin su kifar da gwamnati, aka ce hannun baƙi ne daga waje, aka ce a dubi ƙasashen maƙwabta inda aka wayi gari mulki ya sauya. A lokacin na fara jin kalmar juyin juya hali. Sai da na tambayi mai shagon kusa da ni ma'anarta, ya waiga hagu da dama kafin ya amsa. Aka sa dokar hana fita. Aka hana taron da ya wuce mutum kaɗan, har biki sai da izini. Mutane suka riƙa goge abubuwa a wayoyinsu. A kasuwa in an tambaye ka farashi ka faɗa, ba mai ƙara cewa ya yi tsada.

A makaranta suka kama Ummi, da safe, tana tsaye gaban allo.

Yanzu zan gaya maka abin da ya sa na zauna rubutun nan, don da farin cikin ne kawai da na faɗa maka a cikin addu'a na huta.

Kwana huɗu ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce ba ya da labarinta. A rana ta biyar aka shigar da ni wurin wani jami'i. Ba irin wanda nake tsoro ba ne. Farin kaftani ne a jikinsa, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, yana ce mini Hajiya. Ya ce shi ma yana da 'ya kamar Ummi. Ya ce sun san yarinya ce, an yi amfani da ita ne, su manyan suke nema. Ya nuna mini hoton farin yadin nan ya ce wannan ɗinkin gwani ne, in na faɗi wanda ya ɗinka shi, yau ɗin nan zan tafi da 'yata gida. Ya ce in ban faɗa ba, laifin da za a rubuta mata hukuncinsa kisa ne.

Maigida, ban yi ko minti ɗaya ina tunani ba. Da zan ce maka na yi gardama, ko an yi mini tsawa, ko an ɗaga mini hannu, da na samu abin fakewa. Ba a yi ba. Na buɗe baki na ce Maman Bulus. Har kwatancen ɗakinta na yi.

Ba su ba ni Ummi ba. Ya ce in je gida za a kira ni. Washegari da hantsi suka zo. Maman Bulus tana kan keken ɗinki, tana yi wa wata yarinya kayan makaranta. Ina tsaye bayan labule ina kallo. Ta roƙe su ta ɗauki maganin hawan jininta, suka bar ta. Da za ta fita ta tsaya a ƙofata ta miƙo mini makullin ɗakinta, ta ce in riƙa ba kajinta ruwa. Na karɓa. Kamar ba abin da na aikata na karɓe shi, wannan ma yana cikin abin da ya dame ni.

Me za ka ce da ni da kana nan? Na yi wa kaina wannan tambayar har na gaji. Kai da ka fita da tsohuwar bindigar toka don kare matan da ba naka ba. Ka tuna safiyar da ka tafi? Ka tsaya a bakin zaure ka yi mini sallama sau biyu. Ina jinka. Ina tankaɗe, na ƙi ɗaga kai, don ina fushi ka shiga sa-kai ban yarda ba. Na ce a raina in ka dawo da yamma ma shirya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun daga ranar na ɗauka duk wanda ya miƙe tsaye kashe shi ake yi, na ce ni dai zan sunkuyar da kai in tsira da abin da ya rage mini. Ka ga inda sunkuyar da kan ya kai ni.

An kai Ummi da Maman Bulus gidan yari tare da wasu mata, su biyun ɗaki ɗaya. Aka karanta musu laifin cin amanar ƙasa da yunƙurin kifar da gwamnati. Tela da malamar firamare. Aka hana beli. Duk ranar da aka sa za a zauna, sai a ɗaga: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe ba motar da za ta kawo su. Nakan je tun da safe in zauna a bencin baya in ga ƙeyar Ummi na ɗan lokaci, a mayar da su.

Abinci kwano biyu nake kaiwa, nata da na Maman Bulus. Ina share mata ɗaki, ina sa wa kekenta mai kada ya yi tsatsa, kajinta har sun yi ƙyanƙyasa sau biyu a hannuna. Sai mutane suka fara yabona. Faston cocinsu ya zo har gida ya ce a zamanin nan samun maƙwabciya irina sai an tona. Limamin unguwa ya kawo misali da ni a wa'azi. Maigida, da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Na daina cin abincin kirki. Na rame har ana cewa tunanin 'ya ne, ni kuwa na san rabinsa ne kawai.

A wata na uku Ummi ta kwanta da zazzaɓin taifot. Ba a bar ni na gan ta ba sai da ta fara tashi. Da na gan ta, ita ta ba ni labarin yadda Maman Bulus ta yi jinyarta: tana jiƙa ɗankwalinta tana goge mata jiki, tana buga ƙofa har sai da aka kawo magani, tana ɗaukarta zuwa bayan gida kamar jaririya. Da azumi ya zo, takan ajiye rabin abincinta na rana ta rufe da zane, don Ummi ta samu abin buɗa baki. In Ummi za ta yi salla, ita ke shimfiɗa mata zanenta ta hana a gitta ta gabanta. Ummi tana ba ni labari tana murmushi, ni ina riƙe da ƙarfen taga ina kauce wa idonta.

Allah ya kawo wasu lauyoyi mata da suka tsaya musu ba tare da sun nemi komai ba. Fasto da liman suka riƙa zuwa kotu tare a kan babur ɗaya. A zaman da ya gabaci na ƙarshe Bulus ya zo. An ba shi hutu saboda harbin da ya samu a kafaɗa. Ya shigo da kakinsa, hannu a rataye, ya zauna a bencin gaba. Uwarsa tana cikin akwatin masu laifi ana cewa ta ci amanar ƙasa, shi yana zaune da raunin da ya samo wurin kare ƙasar. Na ga alƙali ya dube shi, ya dubi takardun gabansa, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Da aka tashi Bulus ya zo ya rusuna a gabana yana gode mini. Na ce masa ba komai. Ka ji fa, ba komai na ce.

Ranar da aka sake su ban fahimci abin da ke faruwa ba, don duk da Turanci aka yi. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya yi 'yar magana ya zauna. Alƙali ya yi rubutu ya yi tasa. Sai na ga Ummi ta sulale ta zauna a ƙasa, na ɗauka hukunci aka yanke. Wata lauya ce ta riƙe ni ta ce mini da Hausa gwamnati ta janye, ba su da shaida, kowa ya tafi gida. Shi ke nan. Ba wanda ya ba su haƙuri, ba wanda ya ce an yi kuskure. Ni kuwa a lokacin ban nemi haƙurin kowa ba. Na kama hannun 'yarka a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba tun tana ƙarama, ban sake shi ba har muka sauka daga Keke Napep a ƙofar gida.

Ta rame, Maigida. Tana tari, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta zabura. Makarantar sun ce sun riga sun ɗauki wata. Amma ta ci tuwon masara da miyar kuka har ta nemi ƙari, ta yi barci har rana ta take. Na zauna ina kallon yadda numfashinta ke ɗaga zane. Ban san akwai hutu irin wannan a duniya ba.

A rana ta uku da dawowarsu na shiga ɗakin Maman Bulus da safe. Tana gwada kekenta. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba, har ruwan sanyin da na sha. Ba ta daina juya keken ba sai da na gama.

Ta ce ta sani. Tun ranar farko jami'in ya kunna mata muryata a waya, don ta ji haushi ita ma ta ba da sunayen wasu. Ita a Hausarta, mace da namiji duk kai take ce musu. Ta ce kai Rabi, na ji muryanka, har ka ce ɗakin da ke kusa da famfo. Ta ce sati biyu ta yi ba ta yi wa Ummi magana, in ta dube ta fuskata take gani. Ta ce ta yi addu'a Allah ya cire mata abin ya ƙi fita, sai da yarinyar ta kwanta tana kiran Umma cikin zafin zazzaɓi, ta duba ba wata Umma a ɗakin sai ita. Ta ce ita ba ta ba da sunan kowa ba, kuma ba za ta ce mini abin da na yi daidai ne ba. Amma da Bulus ne a hannunsu, ba ta san sunan da zai fito daga bakinta ba. Sannan ta ce in tashi, gwiwata ba ta yarinya ba ce, in zo in riƙe mata bakin yadi.

Na riƙe. Muka yi ɗinki har azahar ina kuka tana faɗa wai ina jiƙa wa mutane kaya.

Ta ce ba ta gaya wa Bulus ba, ba kuma za ta gaya masa ba. Ba ta gaya wa Ummi ba ita ma, ta ce wannan nawa ne. Kwana biyar ina juya abin. Jiya bayan la'asar na zaunar da ita na faɗa mata. Ta dube ni irin kallon da kake yi in an gaya maka abin da ba ka so, ta sa hijabi ta fita. Na zauna na ce to, an sako mini ita, ni kuma na kore ta da bakina. Ban san inda ta je ba, ban tambaya ba. Gab da magariba ta dawo. Ta tsaya a kaina na ɗan lokaci. Sai ta cire ɗankwali, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta miƙo mini mataji ta ce kitsonta ya tsufa, tun na gidan yari ne.

Na tsefe mata shi a hankali. Gashin ya karye ta gefe, har da 'yar furfura guda biyu, yarinya mai shekara ashirin da uku. Na yi mata shuku irin wanda nake mata tana 'yar firamare. Da na kai tsakiyar kai na ji ta saki nauyinta duka a kan gwiwata.

Sauran labarin gida ba daɗi sosai. Yaƙin bai ƙare ba, Bulus zai koma daji in kafaɗarsa ta warke. Hatsi bai sauko ba. Garinmu har yanzu ba mai kwana a cikinsa, an ce ciyawa ta rufe gonarka, kuma ban samu zuwa inda aka binne ka ba. Ummi ta ce in aka sake fita za ta sake fita. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Abin da na sani shi ne in ta yi mini sallama zan ɗaga kai in amsa.

Kai ma ga amsar taka, ko da ta makara: a dawo lafiya ba ta yiwu ba, to Allah ya sa ka isa lafiya. Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda ba a raba mutane.

Ni ce matarka,
Rabi, uwar Ummi.